Kaset Ɗin Da Na Goge

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar maigidana, Dakta Sada, sunan da ban taɓa kira da bakina ba yana raye, sai yau da alƙalami ya ɗauke mini kunya. Duk shekara idan damina ta kankama, daidai lokacin da ya bar mu, 'ya'yana kan taru mu yi masa addu'a. Amma ni abin da ke fara dawo mini da shi ba hotonsa ba ne, ba kuma farar rigarsa ta asibiti da har yanzu take ƙasan akwatina ba. Wata ƙara ce, siririya mai tsini, ƙiiii, kamar gyare ya faɗa cikin kwano, wadda ta fito daga rakodarmu wata ranar Talata da hantsi a Malumfashi. Daga ita komai ya fara.

Ɗan manomin auduga ne daga wani ƙauye kusa da Funtua. An ɗaura mana aure a ƙarshen shekarun saba'in, ban daɗe da gama sakandare ba, kuma mafi yawan zamanmu a Malumfashi muka yi shi. A wancan zamani akan turo ɗaliban likitanci daga Zariya rukuni-rukuni, su yi 'yan makonni a asibiti suna ganin cututtukan mutanen karkara. Shi ke koya musu abin da ya shafi ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, wato yadda saƙo ke tashi daga kai ya isa yatsan ƙafa, da abin da ke faruwa in hanyar ta yanke.

Kusan kullum da ƙorafi ɗaya yake dawowa gida. Yakan zauna kan tabarma yana cire takalmi ya ce, “Hajo, yaran nan sun haddace sunan kowace hanya da ke cikin kan ɗan Adam, amma ka ce su bi ta, tun a bakin tasha za su ɓata.” Abin da ya fi damunsa shi ne kunya. Ɗalibi zai yi tambaya sau ɗaya, in bai gane ba ya gyaɗa kai ya ce ya gane, don kada 'yan uwansa su raina shi, ko a ce ya tsayar da babba yana maimaita magana. Tarbiyyarmu ce, kuma mai kyau ce a gida. A gaban majiyyaci kuwa, in ji shi, tana iya kisa.

Wajen tsakiyar shekarun tamanin aka tura shi kwas Ingila. Abokan tafiyarsa suka dawo da firiji da akwatunan tufafi. Nawa mijin ya dawo da wani ɗan baƙin abu, bai fi allon ɗan makaranta girma ba, mai maɓallai kamar na tafireta. Ya ce sunansa kwamfuta. Ba ta da fuskar kanta, sai an jona ta da talabijin ɗinmu mai baƙi da fari. Ranar farko yaran maƙwabta suka cika tsakar gida suna zaton fim za a nuna, da suka ga rubutu kawai na tafiya sai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Abar kuma ba ta da riƙo ko kaɗan. Da an ɗauke wuta ta manta duk abin da aka gaya mata. Saboda haka duk abin da ya rubuta sai ya juye shi a kaset, irin kaset ɗin nan dai da muke jin waƙa da wa'azi.

Wata takwas ya yi yana gina darasi guda. Bayan la'asar, in an yi sa'a da wuta, sai ya ɗauki rakoda ya shige ɗakinsa. Darasin kan zana mutum da 'yan layuka, ya nuna hanyoyin da saƙo ke bi, sannan ya yanke hanyar a wani wuri ya tambayi ɗalibi: wace gaɓa ce za ta mutu, ta dama ko ta hagu? Sai ya tsaya yana jira. In ɗalibi ya kuskure, ba faɗa, ba dariya, sai a sake nuna masa hanyar tun daga farko. Maigidana yakan ce abar nan ta fi shi da hali biyu: ba ta gajiya da maimaici, kuma ba wanda ke jin kunyarta.

Babban malaminsu na Zariya bai yarda ba. Dattijo ne mai kirki, ya sha cin tuwo a gidanmu, amma ra'ayinsa shi ne a gefen gadon majiyyaci ake yin likita, ba a gaban talabijin ba. Da kyar ya amince a gwada da rukuni ɗaya. In ya zo ya ga amfani, a ci gaba. In bai gani ba, a mayar da abar cikin kwalinta, kada a ƙara ɓata wa ɗalibai lokaci. Saura kwana goma rukunin ya iso na yi abin da na yi.

Masu ƙananan shekaru ba za su san wasiƙar kaset ba. Yayata tana aure a Kumasi, ba ta karatun boko, don haka maimakon takarda sai mu ɗauki muryoyinmu a kaset, mu ba fataken goro su kai mata. Ranar an aiko cewa mai tafiya zai tashi washegari, ni kuwa ina so ta ji muryar Bilki, ɗiyarmu ta biyu, wadda aka haifa bayan tafiyarta, lokacin tana shekara huɗu. Na duba ban sami sabon kaset ba. Na shiga ɗakinsa ɗauko rakoda, na ga wani kaset a gefe da rubutunsa a jiki, rubutun likita kuwa kowa ya sani, ko mai shi sai ya yi da gaske. Na ce bari in saurara tukuna, kada in goge abu mai amfani. Na danna. Sai ƙiiii, da wani gurnani, da ƙiiii kuma. Na tura gaba, haka. Na juya baya, babu komai. Ban taɓa jin wannan ƙara ba, domin shi da waya yake haɗa rakodar da kwamfuta, sautin ba ya fitowa waje. Na ce a raina, wannan ya lalace, Allah ya sa dai ya ɗauki murya. Na mayar da shi farko, na zaunar da Bilki a kan cinyata, na danna jan maɓallin ɗaukar murya. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Na gama gaishe-gaishe, Bilki ta karanta Fatiha da tsamin bakinta, sai ga shi ya dawo cin abincin rana. Da ya ga abin da muke yi sai ya tsuguna ya gaida yayata, ya tambayi yara da mai gidanta. Daga nan ya kama ƙafar Bilki ya sosa tafin. Ta janye tana ƙyalƙyala dariya. Ya ce, “To tsaya, 'yar Baba. Wa ya gaya wa ƙafar nan ta gudu? Ke kika gaya mata, ko ita ta gaya miki?” Ta ce ita ba ta sani ba. Ya ce, “Yi tunani, ina jira.” Yana cikin jiran ne idonsa ya faɗa kan 'yar tagar rakoda, inda kaset ke juyawa. Ya ce, “Hajo, wane kaset ne wannan?” Ya miƙa hannu ya kashe.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya juya kaset ɗin a hannunsa sau biyu, ya yi salati a hankali. Da ya gaya mini abin da ke ciki, wannan ƙarar da na ɗauka lalacewa ce ashe ita ce harshen da kwamfuta ke ji, sai na sauke Bilki daga cinyata. Na tambaye shi ko akwai wani. Ya girgiza kai. Na fashe da kuka, Bilki ta ga ina kuka ita ma ta kama. Ya zauna riƙe da kaset ɗin har tuwon ya huce. Can ya ce, “Share hawayenki. Allah da ya halicci mutum ƙoda biyu ya ba shi. Ni da na san haka na ajiye aikin wata takwas a kaset ɗaya, kullum ina cewa gobe zan kwafa. Laifina ya fi naki.” Ya ja kwano ya ci tuwonsa da sanyi. Da ya yi mini faɗa, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Abin da ya rage shi ne littattafan rubutu guda uku, irin na 'yan firamare, inda ya fara tsara darasin da biro kafin ya shigar. Gyare-gyaren da ya yi daga baya ba su ciki, suna kansa. Ya lissafa ya ga in shi kaɗai zai riƙa duba littafi yana bugawa, kwana goma ba za su isa ba, ga asibiti, ga hadari da ke sa a ɗauke wuta da ya taso. Na ce masa ai na iya karatu. Ya dube ni kamar yau ya fara sanin haka.

Haka muka yi. Da an idar da sallar asuba, in akwai wuta, mu zauna har lokacin fitarsa. Bayan la'asar mu koma. Ina karanta masa layi-layi, da lamba da waƙafi da baka, yana bugawa da yatsu biyu. Ban san ma'anar ko ɗaya ba, ga rubutun nasa, sai in tsaya in ce, “Likita, wannan bakwai ne ko ɗaya?” ya ce, “Kawo in gani,” shi ma ya tsaya yana ƙifta ido. Waƙafi ɗaya in ya ɓace, abar ta ƙi motsi, mu koma nema kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Sau biyu aka ɗauke wuta kafin mu juye, aikin yini ya tafi. Tun daga nan duk shafi biyu sai mu juye a kaset biyu, ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a cikin kwallata ƙarƙashin zannuwa, ya rubuta a jikinsu da manyan baƙaƙe yadda ko makaho zai shafa ya gane. Maƙwabciyata Maman Ladi ta ɗauke mini girkin rana na mako guda ba tare da na roƙe ta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A kwana na takwas darasin ya tashi. Sai ya ce in zauna in gwada, tunda ba ɗalibi a kusa. Tambaya ta farko na faɗi. Aka sake nuna mini, na sake faɗuwa. Sau biyar. A raina na ce yau asirina ya tonu, amma abin mamaki ban ji kunya ba, domin ba mai kallona sai gilashi. Na ce masa ni dai ban ga dalilin da za a yanke hanya a hagu, hannun dama ya mutu ba. Ya ce ai hanyoyin suna tsallakawa a gindin ƙwaƙwalwa, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Na ce to a ina hoton ya nuna haka? Ni layuka biyu nake gani sun sauko a miƙe. In kamar kitso ne, ai sai an ga inda silin ya hau kan ɗan uwansa. Ya ƙura wa talabijin ido. Ashe shi da ya san abin tun yana saurayi, idonsa na cike gurbin da hoton ya bari, kuma haka hoton yake har a kaset ɗin da na goge. Kwana biyun da suka rage a kan wannan mahaɗa ya ƙare su, har sai da ɗan ɗigon haske ya riƙa gangarowa a hankali, ya tsallaka a gaban idon mai kallo. Bayan shekaru yakan ce da ban goge kaset ɗin ba, da da makahon hoto zai tarbi ɗalibansa. Ni dai nakan ce wani hanin ga Allah baiwa ne, amma ban ƙara taɓa kaset ɗin da ban sani ba.

Cikin rukunin da ya zo akwai wata yarinya, Rifkatu, 'yar wani ƙauye a bayan Ƙarfi. Mahaifinta manomi ne kuma mai wa'azi a cocinsu. Ita kaɗai ce mace, ga ta 'yar karkarar nan, don haka ta fi kowa shiru, kada a ce 'yar ƙauye ta yi tambayar wauta. An kai talabijin ɗinmu wani ɗaki a asibiti, muka yi mako shida ba mu ga labarai ba. Ɗalibai na shiga bibbiyu. Ita kuwa sai ta jira kowa ya tafi cin abinci ta shiga ita kaɗai. Daga baya ta gaya mini akwai tambayar da ta faɗi fiye da sau goma, ta ce, “Mama, da mutum ne ke tambayata, tun a ta biyu zan ce na gane.”

Ranar da babban malamin ya zo ban je ba, a bakin maigidana na ji. Dattijon ko kallon ɗakin kwamfutar bai yi ba, ya ce a wuce wurin majiyyata. Aka tsaya kan wani tsoho manomi da aka kawo daga Dayi, ya faɗi a gona yana noman masara. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye, amma a fuska ɓarin hagu ne ya saki, ko idon ba ya rufuwa. Dattijon ya juya ya tambayi ɗalibai inda ɓarnar take. Ɗalibai suka shiga kallon juna. Sai ga 'yar muryar Rifkatu daga baya: a gindin ƙwaƙwalwa ne, ɓangaren hagu, sama da inda hanyoyin ke tsallakawa, shi ya sa ta kama fuska a nan, ta kama jiki a can. Dattijon ya sa aka matsa mata ta fito gaba, ya ce ta nuna masa a jikin majiyyacin. Ta gaida tsohon da “Sannu Baba,” ta riƙe hannunsa ta nuna. Ya tambaye ta inda ta koya. Ta ce a akwatin Dakta Sada. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce wa maigidana, “Ban janye maganata ba, a gefen gado ake yin likita. Amma akwatin nan naka ya rako ta har bakin gadon. Bar shi.” Ranar ya dawo gida da tsire, ya ajiye a gabana ya ce na ɗalibarsa ta farko ne, wadda ta faɗi sau biyar.

Shekaru da dama ɗalibai suna zama gaban wannan darasi, har abar ta tsufa aka kawo waɗanda suka fi ta. Shi kuma Allah ya karɓi abinsa bayan gajeriyar jinya, yana da sauran ƙarfinsa, bai ga zamanin da muke ciki ba. Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau me zai ce? Rifkatu yanzu ita ke koyar da wannan fanni, kanta ya yi furfura, kuma ba ta taɓa barin Sallah ta wuce ba ta zo gaishe ni ba, ni ma in lokacin bikinsu ya yi nakan aika mata da dubulan. Zuwanta na bara ta nuna mini a wayarta ƙwaƙwalwa sukutum, mai launi, tana juya ta da ɗan yatsa, tana ɓare ta kamar albasa. Ta ce ɗalibanta kowa na da irinta a aljihu. Na tuna 'yan layukanmu masu rawa a baƙi da fari, da yadda muka yi kwana biyu a kan ɗigo ɗaya. Na san da zai yi murna kamar yaro ranar Sallah, da sai an ƙwace wayar daga hannunsa.

Amma na san kuma da zai yi tambaya, don bai iya ganin abu ya ƙyale ba. Na lura na'urorin yanzu suna da gaggawar ba da amsa, kafin yaro ya gama tambaya sun cika masa kunne. Tasa kuwa ita ce ke tambaya, ta yi shiru, ta bar mutum da kansa har sai ya motsa. Na faɗa wa Rifkatu haka, ta yi dariya ta ce shi ya sa duk darasin da ta shirya wa ɗalibanta da tambaya yake farawa, kuma ba ya buɗe amsa sai ɗalibi ya fara kawo tasa, ko da kuskure ce. In sun gama kuma ta tasa su gaba zuwa wurin majiyyata, ta ce kowa ya gaida mai jinya kafin ya taɓa shi. Da na ji haka hankalina ya kwanta. Ashe dattijon nan na Zariya da maigidana duka biyu suna nan a aji guda, ba su rabu ba.

Kasusuwan aikin kuwa sun tafi. Kaset biyun da muka wahala a kansu suna nan a kwallata, amma babu sauran na'urar da ke jin harshensu, in ka sa su ƙiiii kawai za ka ji. Wanda na goge ne ya rayu. Ba a kai wa yayata shi ba, maigidana ya jefa shi cikin akwati, muka manta. Bayan rasuwarsa na same shi, kuma a duk duniya nan ne kaɗai muryarsa ta rage: gaisuwarsa, dariyarsa, da tambayar da ya yi wa Bilki. Na yi kuka a kan wannan kaset sau biyu a rayuwata, na farko don na ɓata shi, na biyu don godiya ga Allah da ya sa na ɓata shi. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana.

Bana da muka taru, ɗana ya juye muryar a waya don kada zaren ya tsinke. Bayan an shafa addu'a aka kunna. Autar Bilki, mai shekara shida, wadda ba ta san kakanta ba sai a hoto, tana kwance a jikina tana wasa da carbina. Muryar ta ce, “Wa ya gaya wa ƙafar nan ta gudu? Ke kika gaya mata, ko ita ta gaya miki? Yi tunani, ina jira.” Na san abin da ke biye, tambayar kaset da ƙarar kashewa, don haka na miƙa hannu zan tsayar. Sai yarinyar ta riƙe mini hannu. Ta tashi zaune, ta kama tafin ƙafarta tana dubawa, ta ɗaure fuska irin yadda yake yi in yana nazari.

Ta ce, “Hajiya, kar ki kashe. Ni yake jira.”